Hoto a ƙauyukan Jamus: inji ya wadata, mai hoto ya yi tsada

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Ka ce in duba maka yadda sana'arku ta hoto take a nan Jamus, ko akwai abin da za ka ƙaru da shi kafin Sallah. Hutun Kirsimeti ya ba ni sarari, na zagaya ƙauyukan da ke kewaye da mu a yankin Ammerland, kusa da Oldenburg a arewacin Jamus, na kuma leƙa shaguna.

Babbar matsalar mai ɗaukar hoto a nan ita ce haske. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai an wuce takwas da rabi, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna kuma ta faɗi, tsakanin nan ma gajimare ne da hazo. Dusar ƙanƙarar da kuke gani a hotunan Turai ba kullum take zuwa wannan yankin ba, don ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kusa da teku. Yayyafi ya fi yawa. Duk da haka mutanen ƙauye suna ɗauka. Suna ɗaukar gidajensu na jan bulo da fitilu a taga, da karnukansu, da gonakin da raɓa ta daskare a kansu da safe. Akwai wani wasansu na hunturu, Boßeln, da ake jefa ƙwallo a kan titin ƙauye ana binta kilomita da kilomita, ana jan ɗan amalanke cike da abin sha. Na ga wani tsoho ya cire safar hannu da haƙori, ya ɗauki 'yan ƙungiyarsu da waya, ya yi maza ya cusa ta cikin aljihun ƙirji, saboda sanyi yana cinye batir nan da nan. Mai kyamara kuwa kafin ya shiga ɗaki mai ɗumi sai ya ƙulle ta a leda, in ba haka ba gilashin ya yi gumi har ciki.

Wanke hoto kam sun gama da shi. Shagunan sabulu da man shafawa irin su dm da Rossmann suna da inji a lungu: ka haɗa wayarka, ka taɓa hotunan da kake so, kafin ka gama zaɓen na ƙarshe na farko ya faɗo da ɗuminsa. Ƙaramin hoto ɗaya bai kai rabin yuro ba, in kuma za ka iya jiran 'yan kwanaki ya fi haka araha. Ba ka magana da kowa sai wurin biya. Babban kamfanin wannan harka, CEWE, a Oldenburg hedikwatarsa take, tun 1961 yake aiki, kuma watan Disamba ne lokacin babban cinikinsa, don cikin kyautar da jikoki kan kai wa kaka akwai kalandar shekara mai hotunan iyali ko albam da aka buga kamar littafi. Wannan kalandar, Yaya, ita ce abin da nake ganin za ta karɓu a wurinmu. Ka yi wa iyali kalanda mai watannin Musulunci da hotunan 'ya'yansu na Sallah, ka ga in ba za a yi maka layi ba.

Mutum ne ke da tsada. Mafi ƙarancin albashi a 2025 yuro 12.82 ne a awa, don haka duk aikin da hannu zai taɓa sai ya yi kuɗi. Mai shagon hoto a ƙaramin gari ba a faɗo masa haka kawai, sai ka nemi lokaci tun da wuri, kuma daga ranar 24 ga Disamba da rana zuwa 26 komai a rufe yake. Hoton fasfo da ke riƙe da irin waɗannan shaguna shi ma ya canza: tun 1 ga Mayun 2025 ofisoshi ba sa son na takarda, sai wanda aka tura ta kwamfuta ko aka ɗauka a injin ofishin. Irin yadda kake rataya kyamara ranar hawan Sallah, yara su kewaye ka da sababbin kaya, ka ɗauka, gobe ka kai musu har gida, wani ma ya ce sai ƙarshen wata, ban ga mai yin haka a nan ba ko ɗaya.

Kuma ko ka so yi, doka ba za ta sake maka ba. Tun 1907 suke da dokar da ta hana yaɗa hoton mutum ba da izininsa ba, ta Tarayyar Turai ta 2018 kuma ta ƙara ɗaure ta. A kasuwar Kirsimeti za ka ga uwa ta juya yaronta da zarar ta hangi waya a sama. Shi ya sa hotunan da na turo maka yawancinsu gidaje ne da itatuwa. Ba rashin mutane ba ne.

Maganar kyamarar da kake so: sabuwa ba ta da wani sauƙi a nan in aka juya kuɗin zuwa naira, kuma haƙƙin gyara na shekara biyu da doka ta ba mai saye ba zai amfane ka daga can ba. Ta hannu ce abin nema. Bayan Kirsimeti mutane kan sayar da tsofaffinsu a Kleinanzeigen, shafin intanet na tallar kayan hannu, don an ba su sababbi, da yawa har da kwali da rasit, kamar ba a taɓa su ba. Injin wanke hoton kuwa ban ba ka shawara ba, domin takarda da tawadarsa sai na kamfaninsa, ga ƙurar hunturunmu, ga wutar da ba ta tsayawa. Ka turo mini sunan gilashin kyamara da kake da shi yanzu don in nemo wadda za su dace, zan haɗa da batir biyu in ba mai tahowa. A gaishe da Inna, a ce mata hoton da ta ce in ɗauka da babbar rigar sanyi yana cikin saƙon.