Gidan sauro mai magani: abin da na gani bayan amfani da shi a Kano

Gidan sauron da nake nufi shi ne irin wanda ake rabawa kyauta a asibitocin sha-ka-tafi da kuma lokacin rabon gida-gida, wanda aka haɗa zarensa da maganin kashe ƙwari tun daga masana'anta. Da shi muke kwana a gidanmu da ke cikin Birni, a unguwar da kududdufi da kwatoci suka kewaye, inda sauro kan fara kuka tun kafin a kira magariba, musamman daga Yuli zuwa Satumba. A ganina ya fi duk abin da muka gwada kafinsa.

Dalili kuwa shi ne ya dace da ɗabi'ar sauron da ke kawo cutar. Macen sauro jinsin Anofilis, wadda ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ta fi yin cizo cikin dare lokacin da mutane suka yi barci. Maganin sauro mai hayaƙi yakan ƙone kafin asuba, ya bar ɗaki da ƙauri, yara kuma su tashi da tari. Fiya-fiya da ake sayarwa a kwalabe marasa suna guba ce da ban yarda a yayyafa ta inda jariri ke kwana ba. Shi kuwa gidan sauro yana nan har gari ya waye, kuma sauron da ya sauka a jikinsa yakan kwashi maganin. A watannin farko mun riƙa share matattunsu a gefen katifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke, saboda haka ban ɗauki wannan kariya da wasa ba.

Yana da nasa wahalhalun, kuma babbarsu zafi. A watannin Afrilu da Mayu, idan aka ɗauke wuta, kwana a cikinsa sai da haƙuri, domin yana rage iskar da ke shigowa, shi ya sa mutane da yawa ke naɗe shi su ajiye. Mu da muke shimfiɗa a tsakar gida lokacin bazara sai da muka kafa ƙusoshi a bango muka ja igiya, kuma hakan ya yi. Ƙorafin ƙaiƙayin fuska da ake yi gaskiya ne, amma yawanci yana faruwa ne idan ba a shanya sabon a inuwa na awa 24 kafin a rataye shi ba. Haka nan ba ya tsare kowa daga cizon da ake sha a zaure ko a ƙofar gida bayan isha'i.

Ƙarkonsa ya danganta da riƙo. An yi shi ne ya kai kimanin shekara 3 ko wanki 20, muddin da sabulu mai laushi ake wanke shi, ba da omo ko bilic ba, a kuma shanya shi a inuwa. Zarensa ba ya jure ƙusa ko farcen yara, don haka duk hudar da ta bayyana nan take nake ɗinke ta, kuma kowane dare sai an cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane gefe. Raina yana ɓaci idan na ga an kewaye lambu ko akurkin kaji da shi, alhali masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 na kwana a fili. Su nake ba da shawarar a fara rataya wa idan gidan sauron bai wadaci kowa a gida ba, kuma duk wanda zazzaɓi ya kama, ko da yana kwana a cikinsa, a kai shi a yi masa gwajin jini kafin a ba shi magani.