Garkuwar hannun babur: wacce ta dace da yashin Damagaram?

Yawancin faɗuwar babur a Damagaram ba ta gudu ba ce. Mutum ya sauka daga kwalta ya shiga lungu a Garin Malam ko Sabon Gari, tayar gaba ta nutse cikin yashi, kai ya murɗe, sai ga shi a ƙasa shi da buhun da ya ɗauko. Ko ranar Alhamis a bakin Kasuwar Dole amalanke ta gogi gefensa, ko akuya ta yanko masa hanya. Ya tashi ya kakkaɓe riga, jama'a su yi masa sannu, a ɗaga babur. Sai a lokacin ake ganin ɓarnar: hannun kuloci ya karye daga gindi, ko na birki ya lanƙwashe ya manne da mariƙi, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun kumbura domin su ne suka shiga tsakanin ƙarfe da ƙasa.

Kan babur shi ne wuri mafi faɗi a jikinsa, saboda haka shi ke fara taɓa ƙasa. Hannun birki da na kuloci kuwa da narkakken alminiyom ake zuba su, ba su da juriyar lanƙwasa, karyewa suke yi. Kuɗin sabo ba wani abu ba ne idan a cikin gari ya karye. Amma wanda kulocinsa ya tafi a hanyar Tanut, ko tsakanin ƙauyukan bayan Mirya da la'asar sakaliya, ya san lissafin ya canza. Ɗan kabu-kabun da yatsansa ya tsage kuma, makonni zai yi bai iya matsa birki yadda ya kamata, ga kuɗin mai babur na jiransa kullum. Wannan ƙaramar asarar ce garkuwar hannu, wato kariyar da ake ɗaurawa a gaban mariƙin babur, take tarewa. Sai dai abubuwan da ake sayarwa da sunan garkuwa ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma wanda ya fi cika shaguna shi ne wanda ya fi ƙarancin amfani a faɗuwa.

Ina nufin garkuwar roba zalla mai buɗaɗɗen gefe, wadda ake ɗaurewa a gindin madubi ko a jikin kan babur da noti ɗaya. Ita ce mafi araha, ita ce mai launi kala-kala, wasu ma da ƴar fitila a jiki. Tana da nata amfanin, kada a raina ta. Tana tare iskar hunturu da asubahin Disamba da Janairu, lokacin da yatsu ke sandarewa kafin a kai tasha. Tana tare tsakuwar da babbar mota ke watsowa, da karan gero, da ƙayar aduwa ko magarya idan hanya ta ƙuntata. Amma ranar da babur ya kwanta, tunda gefe ɗaya kawai take riƙe, sai ta juya ko ta tsage, nauyin ya sauka kan hannun birki kamar babu ita. Idan baburinka irin ƙananan nan ne marasa kuloci, waɗanda roba ta rufe kansu gaba ɗaya, wataƙila ita kaɗai za ta shiga, domin babu wurin da za a kama bututun kan babur ɗin. Kafin a kwance madubi a tuna cewa yawancin babura zaren gindin madubinsu milimita 10 ne, wasu 8, kuma a babura da yawa na Yamaha madubin dama zarensa a juye yake. Yaron shago da bai sani ba zai yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake, har ya cinye zaren.

Wadda ake saye domin faɗuwa ita ce mai ƙashin alminiyom. Sanda ce mai kauri da ke tashi daga bakin bututun kan babur, ta zagaya gaban yatsu da hannun birki, ta dawo ta kama bututun daga ciki kusa da tsakiya. Wuri biyu take riƙe, shi ne duk sirrinta. Idan babur ya kwanta, sandar ce ke dukan ƙasa, ƙarfin ya bi ta jikinta ya shiga kan babur, hannun birki da yatsu suna ciki ba abin da ya taɓa su. Robar da ke gabanta da kusoshi biyu ko uku ake ɗaure ta, in ta tsage a canza ta a bar sandar. Masu tseren daji da masu doguwar tafiya irin wannan suke sawa, kuma kamfanonin da suka yi suna da ita su ne irin su Acerbis na Italiya da Barkbusters na Ostareliya. Yamaha AG, da ma'aikatan gona da na kiwon lafiya ke shiga karkara da shi, tun daga masana'anta yake zuwa da ƙarfe a gaban hannayensa, domin an san inda zai je.

Tana da aibi, kuma mai shago ba zai faɗa maka ba. Tunda zagaye take a rufe, idan faɗuwar ta wuntsilawa ce, wato tayar gaba ta tsaya cak mutum ya tashi ta saman kai, hannu na iya zamewa ya maƙale tsakanin sanda da mariƙi, wuyan hannu ya karye. Shi ya sa masu tseren tsalle-tsalle da yawa suka fi son buɗaɗɗiya. Ni dai a ganina, ga mai yawo cikin yashi da cunkoson kasuwa, kwanciyar gefe ta fi wuntsilawa yawa nesa ba kusa ba, don haka ribarta ta rinjayi hatsarinta. Abin lura shi ne a zaɓi wadda sandarta ta ɗan sunkuya ƙasa a wajen baki, ta bar wa hannu hanyar fita ta sama. Tana kuma ƙara wa babur faɗi kaɗan a kowane gefe. A lungunan Birni, inda katangar ƙasa ke dama da hagu, sai ka yi kwana biyu kafin idonka ya saba.

Sunan da aka buga a jikin roba ba hujja ba ne, kwaikwayo ya yi yawa. Ɗauki sandar a hannu ka gwada lanƙwasa ta a gwiwa. In ta bi ka cikin sauƙi, haka za ta bi ƙasa ta danne maka yatsu. Duba kusoshin da ke cikin leda: masu laushi kansu ke lalacewa tun a ɗaurin farko, gara a canza su da na kirki nan take. Robar kuma a murɗa gefenta. Mai kyau tana lanƙwasa ta koma yadda take. Mai ƙyalli da tauri, wadda ke yin farin layi inda aka lanƙwasa, ranar Afrilu da Mayu za ta gasa ta, kafin damina ta kama tana fashewa da ɗan bugu kaɗan.

Akwai ta tsakiya, mai zagaye har bakin bututu amma roba ce duka, babu ƙarfe a ciki. In robar mai kauri ce ta asali, tana ɗaukar faɗuwar tsaye da gogar amalanke, ba ta da nauyi, kuma tana ba da kai maimakon ta riƙe hannu. Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin gida da ofis a kan kwalta, ta wadatar. Ga babur mai ɗaukar jarkoki ko mutum uku, nauyin ya fi ƙarfinta.

Sai ta mai walda. Mutane da yawa za su ce me ya kai ni sayen kayan waje, ga rodi ga mai walda a bakin titi? Gaskiya ne ta fi araha, kuma akwai masu hannu da za su lanƙwasa maka ita tsaf. Amma ina da sharuɗɗa a kanta. Kada a like ta da wuta a jikin kan babur. Bututun ba shi da kauri, zafin walda na raunana shi, kuma daidai wurin ɗinkin ne zai tsage wata rana kana bisa hanya. A yi mata maɗauri da noti yadda za a iya cire ta. Kada a bar baki mai kaifi ko tsinin rodi yana kallon waje, domin a cunkoso cinyar mai tafiya a ƙasa ko fuskar yaro ce a daidai wannan tsayin. Kuma a lura da kaurin rodin. In ya yi kauri da yawa, maimakon garkuwa ta lanƙwashe sai kan babur ɗin ya karkace. In ya yi siriri, ya lotsa ciki ya danne hannun birki, tayar gaba ta kulle. Wanda zai bi wannan hanya ya kai wa mai walda ta alminiyom ya gani, ya kwaikwayi siffarta da faffaɗan ƙarfe, ba zagayayyen rodin gini ba.

Jakar tamfol ko ta fata da wasu ke cusa hannu ciki lokacin sanyi, maganin sanyi ce kawai. A tabbata dai iska ba ta tura ta kan hannun birki.

Kafin ka ba da kuɗi, je da babur ɗin shagon. Ƙananan babura irin Boxer, Kasea da Haojue kaurin bututun kansu milimita 22 ne, wasu manyan na daji kuma tsakiyarsu 28, maɗaurin ɗaya ba ya kama ɗaya. Ramin cikin bututu ma ya bambanta: na baƙin ƙarfe ya fi na alminiyom faɗi, kuma abin da ke riƙe garkuwa a baki wani ɗan ƙarfe ne mai buɗewa a ciki idan an ɗaure kusa. In ya yi wa ramin kaɗan, yau ka ɗaura gobe ya zare. Wasu baburan kuma an toshe bakin bututunsu tun daga masana'anta, sai an nemi kusar da ta dace da zaren da ke wurin.

Ɗaurin ya fi sayen muhimmanci, kuma gefen dama ne wurin hatsari. Dole a yanke bakin robar mariƙi kafin kusa ta shiga. A hagu ba komai. A dama kuwa totur ne, in garkuwa ta matse shi ba zai koma da kansa ba, ka saki hannu babur ya ci gaba da tafiya. A bar tazarar milimita 2 ko 3 tsakaninsu. Tsaya a kan bakanike har ya gama, ka murɗa totur ka saki da injin a kashe, dole ka ji ya koma da ƙara, ƙas! Ka juya kai iyaka dama, iyaka hagu, ka sake gwadawa a kowane gefe, ka duba ko sandar na dukan tanki ko tana danne wayar kuloci da ta birki. In ya ce maka "Alhaji, ai zai saki da kansa in an hau", ka ce ya kwance ya sake. Kuma tunda an buɗe bakin mariƙi, ƙurar hunturu ta samu ƙofa. Lokaci-lokaci a zare totur a goge bututun, kada a cika shi da giris, giris da yashi in sun haɗu su ne ke sa shi tauri.

Idan bakin hannun birki yana taɓa sandar, wasu sai su sa zarto su yanke ɗan dunƙulen da ke ƙarshensa. Kada ka yarda. An yi dunƙulen ne don kada ƙarfen ya huda mutum a faɗuwa. A sassauta mazaunin hannun birkin a matsa shi ciki kaɗan, ko a nemo gajeren hannu.

Abin da babu garkuwar da ke yi shi ne kare tafin hannu. Duk wanda ya faɗi, hannu yake miƙawa ya tare ƙasa, a lokacin kuwa ya riga ya saki babur. Kwalta da jar tsakuwa tafin suke ci, wannan aikin safar hannu ne mai fata a tafi, ba ta ulu ta sanyi ba. In kuma bayan faɗuwa ka ji ciwo a gindin babban yatsa wanda ya ƙi tafiya, je asibiti a ɗauki hoto. Akwai ɗan ƙaramin ƙashi a wurin da ke karyewa ba tare da kumburi mai yawa ba, ana ɗaukarsa targaɗe, kuma in an bar shi yana wuyar haɗewa. Wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne kuma ba shi da hular kwano, hular zai fara saye.

Ɗan kabu-kabu, mai kai kaya kasuwannin ƙauye, da duk wanda ke bin hanyar Magarya, Matamai ko Tanut ya ratse daji, ya tara kuɗi ya sayi mai ƙashin alminiyom. Mai kwalta zalla ya ɗauki ta roba mai zagaye. Wanda sanyi da ƙaya kawai ke damunsa, buɗaɗɗiya ta ishe shi. Kowacce ka ɗaura, bayan mako guda ka sa sifana ka sake bin notunan, domin girgizar hanya tana sassauta su, haka kuma bayan kowace faɗuwa ka daidaita sandar ta dawo daidai da hannun birki kafin ka tayar da injin.