Wasan Rose Bowl ya biya ni, 'yan sarin tikiti kuwa sun ci amanata

Har yau idan na tuna minti arba'in ɗin da muka yi a tsaye a ƙofar filin wasa na Rose Bowl da ke birnin Pasadena a jihar Kalifoniya ranar 1 ga Janairun 2024, sai raina ya ɓaci. Mutum sama da dubu casa'in suna ta ihu a ciki, ni da babban ɗana muna waje, waya a hannu, tikitinsa ya ƙi karɓuwa.

Yaron yana karatu a Jami'ar Michigan, shi ya ja ni cikin harkar ƙwallon Amurka, wadda ake jefawa ana gudu da ita a hannu. Da aka sanar cewa Michigan za ta kara da Alabama a Pasadena, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar jami'o'i, sai ya same ni ya ce, "Abba, don Allah wannan karon mu je." Ban iya ce masa a'a ba. Na shiga ɗaya daga cikin manhajojin nan na 'yan sarin tikiti na sayi kujeru biyu a jere, a ɓangaren magoya bayan Michigan. Kun dai san halinsu, farashin da ke fuska daban, wanda za ka gani a wurin biya daban. Na runtse ido na biya. Ga kuɗin jirgi zuwa Kalifoniya, ga masauki a daren sabuwar shekara.

Mun isa da wuri, da yake an ce za a fara wajen ƙarfe biyu na rana. Muka shimfiɗa darduma a kan ciyawar filin golf ɗin da ake ajiye motoci, muka haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ne. Muka bi layi. Nawa ya wuce lafiya lau, na yaron kuwa sai na'ura ta nuna ja. Aka sake, ja. Ma'aikaciyar ƙofa ta yi mana bayani cikin mutunci cewa an riga an shiga da wannan tikitin, kuma wanda ya sayar mana ne kaɗai zai iya gyarawa. Wato kujera ɗaya aka sayar wa mutum biyu.

Na kira lambarsu, na'ura ta ɗauka tana ta karanto min lambobin da zan danna. Da ƙyar na samu mutum, ya ce in jira, sai kiɗa, sai layi ya yanke. Sau uku ana haka. Ɗana ya ce, "Abba, ka shiga kawai, ni zan bi a waya." Wannan maganar ta fi komai yi min ciwo. Yaron da tun a jirgi yake ba ni labarin yadda aka fara wasan nan a 1902, Michigan ta lallasa Stanford 49 da nema, shi ne zai tsaya a waje?

A ƙarshe suka turo wasu tikiti biyu a madadin namu. Can sama, tsakiyar magoya bayan Alabama, kuma ba a jere ba, layi huɗu ne tsakaninmu. Muka shiga an riga an ci 7 da 7, kusan kashi na farko duka ya wuce mu.

Na zauna cikin jajayen riguna da hulata shuɗiya ina ta waigen yaron. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta lura, ta tambaye ni ko ɗana ne. Na ce e. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta taɓa jikanta, saurayi, ta ce ya hau sama ya ba yaron nan wurinsa. Ya tashi babu musu. Ta ciro gyaɗa daga jakarta ta miƙo mana. Mutanen da muka zo fatan a ci ƙungiyarsu ke nan. Allah ya saka mata da alheri.

Wasan kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba. An tafi hutu Michigan na gaba 13 da 10, 'yan bayanmu sun hana Jalen Milroe, mai jefa ƙwallon Alabama, sakat. Da aka dawo sai abu ya juya. Rana ta yi ƙasa, duwatsun San Gabriel da ke bayan filin suka yi ja kamar garwashi, kuma a daidai lokacin ne Alabama ta wuce gaba, har ta kai 20 da 13. Ɗana ya yi tsit, ya ƙanƙame hannun rigata. Saura minti ɗaya da rabi J.J. McCarthy, mai jefa ƙwallon Michigan, ya jefa wa Roman Wilson ƙwallo, aka dawo 20 da 20. A ƙarin lokaci Blake Corum na Michigan ya keta mutane yadi 17 ya tsallaka layin cin maki. Alabama ta matso har saura yadi uku, damarsu ta huɗu kuma ta ƙarshe. Milroe ya rungume ƙwallo ya afka tsakiya, aka tare shi kamar ya ci karo da bango. 27 da 20. Yaron nan ya faɗo jikina yana kuka. Dattijuwar, idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce mana barka. Kwana tara bayan haka Nick Saban, kocin Alabama, ya yi ritaya, ashe wasansa na ƙarshe muka gani.

A daren nan na ce wa maman yara a waya na yafe komai, ko nawa aka ci a kuɗina ya halatta. Amma da na rubuta wa kamfanin ina neman bambancin kuɗin kujerun da na saya da waɗanda suka ba ni, sai suka amsa cewa ai na shiga filin, don haka sun cika alkawari. Suka haɗa min da takardar rangwame in yi amfani da ita idan zan sake saye a wurinsu. Ko haƙuri na kirki babu. Na sake rubutawa sau biyu, har da hoton na'urar tana nuna ja, shiru kake ji.

Duk wanda Allah ya hore wa, ya je Pasadena ko sau ɗaya ne, amma ya nemi tikiti ta hannun jami'a tun da wuri. Ni dai na goge manhajar daga wayata, takardar rangwamen kuma tana nan ban taɓa ta ba.