'Yan jingar tassa a Illela da Badagishiri: aikin ya kai kuɗinsa?

Wanda ya sayi faƙo a jihar Tawa ta Nijar da niyyar maida shi gona, yakan nemi 'yan jingar tassa. Samari ne da ke yawo gari-gari da rani, kowa da digarsa da hauyarsa, suna haƙa tassa, wato ramukan shuka da ke tare ruwan sama a ƙasar da ta daskare.

Sana'ar tana da asali. Yakuba Sawadogo, manomin Gurga kusa da Wahiguya a Burkina Faso, shi ya farfaɗo da wannan dabarar da Mosawa ke kira zai wajen 1980: ya faɗaɗa ramin, ya zuba masa taki. Yana tara manoma yana koya musu, yana raba iri, har ya sami kyautar duniya ta Right Livelihood a 2018, ya rasu a Disamba 2023. A 1989 wani shiri na FIDA, asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso suka gani da idonsu, suka dawo da dabarar gida.

Gwanayen masu jinga suna yin rami mai faɗin santimita 20 zuwa 40, zurfi 10 zuwa 20, tazara kamar mita guda, wato rami 10,000 a hekta. Ramin layi na biyu yana faɗawa tsakanin biyu na layin farko, don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Ƙasar da aka fitar ana jibge ta ta gefen gangare kamar jinjirin wata. Nan ake gane ɗan koyo: ya zuba ta ta sama, ya toshe wa ramin hanyar ruwa.

Inda jingar ke da aibi shi ne biya bisa ƙidayar rami. Mai sauri yana rage zurfi, iskar bazara ta cike ramin da rairayi kafin damina. Maganinsa sanda mai tsawon da aka shirya, a auna ramuka nan da can kafin a biya. Biyan yini kuma yana jan aiki, alhali hekta guda na cin kusan awa 300 na aikin mutum ɗaya.

Taki ba ya cikin jinga, kuma a nan masu gona da yawa ke faɗuwa. Kowane rami na son cikin hannu biyu, kusan giram 300, tan 3 ke nan a hekta, ga kuɗin amalanke. Ya zama ruɓaɓɓe, don ɗanye yana ƙona tsiro. A zuba shi tun kafin ruwa, gara ta shigo ta huda ƙasar, ruwa ya sami wurin nitsewa. Shukar hatsi ko dawa sai an yi ruwa mai kyau.

A kan faƙo aikin ya cancanci kuɗinsa, domin filin da ba ya ba da komai yana iya ba da kilo 300 zuwa 400 na hatsi a hekta ko a shekarar ƙarancin ruwa. A jigawa asara ce, rami na rushewa. A fadama mai laka ruwa na kwanciya ya ruɓar da saiwa. Mai jingar da ya yarda ya haƙa a waɗannan wurare biyu ba tare da ya ja kunnen mai gona ba, kada a sake kiran sa.