Makarantar kwana ko jeka-ka-dawo: wacce ta fi daɗin tunawa?

Na ɗanɗana duka biyun a shekarun 1990.

Jeka-ka-dawo gata ce. Ana tashi sai gida: abincin Inna, Islamiyya da yamma, bayan isha'i a taru gidan maƙwabci mai bidiyo a kalli fim ɗin Indiya a kaset ɗin haya. Washegari ka je aji kana ba da labari.

Makarantar kwana kuwa wuya ce zalla. Gabza da miya tsululu, ɗibar wa siniyoyi ruwa, ƙararrawar asuba cikin hunturu. Dukiyarka tana cikin akwatin ƙarfe: gari, ƙuli-ƙuli, sukari da ɗan kwanon sha. Amma a can na san daɗin abu kaɗan. Littafin soyayya guda ɗaya, bangonsa duk ya yage, sai ya zagaye ɗaki gaba ɗaya, mutum ɗaya na karantawa da tocila, sauran mun yi tsit. Batirin rediyo kuwa a rana muke shanya shi don ya ƙara kwana. Ranar ziyara, dambun mutum ɗaya na kowa ne.

Ni dai ta kwanan ce ke dawo mini a mafarki. Abokan ɗakinmu har yau muna zumunci, 'ya'yansu Baffa suke kirana.