Hattara da mai tallar sensar zafin inji a Facebook, ya ƙona mini gasket a Hawan Kibo

Assalamu alaikum 'yan uwa masu motoci, musamman masu bin hanyar Jos zuwa Abuja. Akwai wani mutum da ke tallar sensar zafin inji a Facebook da WhatsApp, yana cewa 'yar Japan ce, kuma duk motar da aka sa wa ta rabu da zafi har abada. Ni na saya, kuma ga abin da na gani.

Corolla ce da ni, 'yar 2008. Fitilar inji ta kama a dashbod, fanka kuma ta riƙa juyawa ba tsayawa. Aka jona mata kwamfuta, lambar P0118 ta fito, wato matsala a layin sensar ruwan lagireto. Ina Abuja lokacin, sai na tuna da tallar nan na kira shi. Bakinsa kamar zuma. "Alhaji, kada ka wahalar da kanka zuwa shago, ina kake in zo in same ka?" Ya iske ni a Nyanya da jakar sifanoni, ya miƙo kwali mai sheƙi da sunan Denso, kamfanin kayan mota na Japan, a jiki, cikin minti goma ya ɗaura, ya karɓi naira 18,000. Fitila ta mutu, fanka ta yi shiru, allura ta tsaya cak a tsakiya. Har da ƙarin kuɗin mai na ba shi, don Allah ku ji wauta.

Washegari a Jos ya kamata in farga. Kowa ya san sanyin asubar garin nan lokacin hunturu. Ina murɗa makulli, injin bai ko tashi ba, allura ta haye tsakiya kamar motar ta wuni tana gudu. Sai da na yi ta fama kafin ta tashi, tana kakkarwa. Na ce batir ne ya yi sanyi, na share.

Bayan mako biyu ina dawowa daga Abuja da iyali, muka kama Hawan Kibo a bayan wata tirela mai jan ciki. Na kashe AC don motar ta samu ƙarfin hawa. Ashe duk kwanakin nan AC ɗin ne ke tayar da fanka, ina kashe shi ta tsaya. Ba gudu balle iska ta bugi lagireto, ba fanka, ga hawa. Uwargida ce ta fara cewa, "Baban Ummi, ba ka jin wani wari?" Na dubi allura, tana nan tsakiya lafiya lau. Kafin mu kai sama tururi ya turnuƙe bonet, motar ta mutu a gefen titi.

A Farin Gada, cikin Jos, aka kwance injin. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe don na alminiyom ne, baƙin mai ya gauraye da ruwa ya koma kamar shayi mai madara. Rewayan da ke gefen garejin, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ce a ba shi sensar. Ya sa aka kawo ruwan zafi daga wurin mai shayi, ya jona mitarsa, ya tsoma bakin abin a kofi. Lamba ba ta motsa ba. Ya tsoma a ruwan sanyi, nan ma ko gezau. Sai ya sa zarto ya yanka ta biyu, ya nuna mini ɗan ƙaramin resista irin na cikin rediyo, an like shi da gam.

"Alhaji, wannan ba sensa ba ce," in ji shi. "Hoton sensa ne."

Bayanin da ya yi mini shi ne, ta gaskiya tana da wani ɗan abu a ciki da ke sauya lamba gwargwadon zafi. A irin motata, in ruwa na kan digiri 20 mita za ta nuna kusan om 2,500 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), in ya kai digiri 80 ta sauko wajen 300. Da wannan ƙwaƙwalwar mota ke sanin yawan man da za ta ba inji da safe, da lokacin da za ta kunna fanka in zafi ya doshi 95. Ɗan damfaran nan ya daskarar da lambar wuri ɗaya, motar kullum tana zaton komai daidai ne. Wallahi gara tsohuwar da ta lalace, ita ko ba komai ta kunna mini fitila, ta bar fanka tana aiki.

Gyara ya ci fiye da naira 200,000, ban da kuɗin janwe. Na kira layinsa, a kashe. Shagon da ya ce yana da shi a Apo, kasuwar kayan mota ta Abuja, na taka da ƙafata na zagaya, babu wanda ya san shi. Shafin ma ya sauya suna, amma hotunan kwalayen nan su ne dai, da kalmar nan tasa ta "ba zafi har abada". Sensa aunawa kawai take yi, ba ta sanyaya komai, duk wanda ya ce muku akasin haka aljihunku yake so.

In za ku saya, ku je shagon da gobe za ku koma ku tarar da mai shi, a Dilimi ta Jos ne ko a Apo, ku tafi da rewayanku da mitarsa, a gwada da ruwan zafi a gabanku kafin kuɗi su fita. Wanda kuma ya riga ya sa ta mutumin nan, gobe da asuba kafin ka tayar da mota ka murɗa makulli ka dubi allura. In ta haye tsakiya alhali injin ya kwana a sanyi, kada ka hau titi da ita.