Kwas, littafi ko karatun teburi: ina mai koyon rubutun barkwanci zai sa kuɗinsa?

Abu huɗu ake tallata wa mai son rubuta fim ko shirin talabijin na barkwanci: littafin koyarwa, kwas ta intanet, manhajar rubutu, sai kuma nazarin ainihin rubutun da aka riga aka ɗauka, haɗe da karatun teburi, wato a tara mutane su karanta rubutunka a bayyane kana saurare. Na ƙarshen ya fi su, kuma shi ya fi araha.

Littafi ɗaya ya isa ya nuna maka gabatarwa, rikici da warwarewa. Littafi na biyu maimaici ne. Kwas ɗin da ba wanda zai duba shafukanka ya gyara, kallon bidiyo ne kawai. Manhaja kuwa, Final Draft ta kuɗi ce, Trelby kyauta, dukansu suna jera rubutu da Courier 12 ta yadda shafi ɗaya zai ci kusan minti ɗaya. Ba wadda ke sa dariya.

Ga yadda ake cin moriyar ta huɗun. BBC na da rumbun rubutun shirye-shiryenta a intanet, kyauta. Zaɓi kashi ɗaya na rabin awa, ka buga a takarda, ka ja layi ƙarƙashin duk inda ya kamata a yi dariya, sannan ka kalli shirin da takardar a hannu. Nan za ka ga abin da ɗan wasa ya ƙara da fuska da abin da marubuci ya shuka tun a shafi. Lura da kalmar da ke tayar da dariya: a ƙarshen jimla take zama. In ka biyo ta da wasu kalmomi uku, ko dariya ta danne su, ko su kashe ta. Duba jerin uku, biyu su shimfiɗa hanya, na uku ya kauce. Duba yadda ake dawo da zancen shafi na 3 a shafi na 25, da inda ƙaramin labari ke karo da babban.

Sai naka. Tara mutum huɗu zuwa shida, raba musu shafi 10, kai kuma kada ka karanta ko layi ɗaya; riƙe biro, ka naɗi murya. Abokai kan yi dariyar kara, amma a rikodin ana jin bambanci, ta kara takan makara. Layin da sai ka yi bayani kafin a gane, cire shi. Wanda za a iya sa wa bakin kowane ɗan wasa, sake rubuta shi, don dariyar da ke daɗewa daga halin mutum take fitowa.

Yanzu maganar 'yan damfara, don sun fi malamai yawa a wannan fage. Akwai masu sayar da zancen da aka kwafo daga kallo su ce rubutun fim ne. Alamarsa: ba taken fitowa mai nuna ciki ko waje, wuri da lokaci, ba bayanin motsi. Wannan ba ya koyar da komai. Akwai gasar da ke karɓar kuɗin shiga ba sunan alƙali ko ɗaya, ba wanda ya taɓa ci aka ga aikinsa a allo. Cinikin biri a sama ke nan. Mafi muni shi ne wakilin marubuta, wato mai nema wa rubutu kasuwa, da ke neman kuɗin karanta rubutunka tun farko. Na gaske yawanci kashi 10 cikin 100 yake ɗauka, bayan an sayi aikin. Haka mai romon bakan zai kai ka gaban furodusa in ka sayi babban kwas ɗinsa. Tambaye shi sunan ɗalibi ɗaya da aka ɗauki rubutunsa. Kuma kafin ka tura shafi ko ɗaya, nemi sakin layin da ke maganar haƙƙin mallaka a sharuɗɗansu. In ya ce abin da aka turo ya zama nasu, rufe shafin.